Victor Horsley: Likitan da ya buɗe ƙashin baya, gurgu ya miƙe

Duk dattijon da aka yi wa tiyata a yau saboda ramin ƙashin bayansa ya tsuke har ya matse jijiyoyi, yana cin gajiyar wani aiki da aka yi a birnin Landan ranar 9 ga Yunin 1887. Likitan da ya riƙe wuƙa a ranar shi ne Victor Horsley, ɗan shekara 30 kacal.

An haifi Horsley a unguwar Kensington ta Landan a 1857, mahaifinsa sanannen mai zane ne. Ya karanci likitanci a University College, kuma a 1886 aka naɗa shi likitan tiyata a asibitin masu cutar jijiya da ke Queen Square. A wancan zamani likitoci kan ja da baya idan aka zo maganar laka, domin zubar jini da ruɓewar rauni sun sha cinye majinyata.

Sai ga wani hafsan soja mai shekara 42, wanda azabar ciwo ta hana shi sakat, ƙafafunsa kuma suka shanye. Likita William Gowers ya duba shi, ya gano cewa ƙari ne ya danne masa laka, ya miƙa shi ga Horsley. Horsley ya tsaga bayan, ya cire ɓangaren ƙashin da ya rufe lakar, amma bai ga komai ba. Mataimakinsa Charles Ballance ya ba shi shawarar ya ƙara matsawa sama kaɗan. A can ƙarin yake. Aka cire shi, kuma bayan watanni hafsan ya taka ƙasa da ƙafafunsa.

Darasin ya zauna: jijiyar da aka matse tana iya farfaɗowa idan aka sakar mata wuri. Shekaru da yawa daga baya, a 1954, Henk Verbiest na ƙasar Holan ya bayyana yadda tsukewar ramin ƙashin baya ke sa ƙafafu su yi nauyi da tafiya. Cire wannan ɓangaren ƙashi na nan cikin manyan hanyoyin maganinta har gobe. Haka ma haɗin kakin zuma da Horsley ya fito da shi don tsayar da jinin ƙashi, likitoci ba su daina amfani da irinsa ba.

Ya samu lambar girmamawa ta Sir a 1902. Ya yaƙi shan barasa, ya kuma goyi bayan ba mata damar jefa ƙuri'a.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ya ba da kansa don duba sojojin da suka jikkata. A garin Amara na ƙasar Iraƙi ta yanzu zafin rana ya kayar da shi, ya mutu ranar 16 ga Yulin 1916 yana da shekara 59. A can aka binne shi.