Waraƙa Ɗan Naufal, Banasaren Makka

An haifi Waraƙa ɗan Naufal a birnin Makka a cikin ƙarni na 6 na Miladiyya. Baƙuraishe ne, daga zuriyar Asad ɗan Abdul'uzza ɗan Ƙusayyu, ɗaya daga cikin manyan gidajen garin. Mahaifinsa Naufal da Huwailid, mahaifin Nana Hadiza, wa da ƙane ne. Ke nan shi da Hadiza, wadda daga baya ta zama uwargidan Annabi Muhammadu (S.A.W.), 'yan maza zar ne, kamar yadda Hausawa ke kiran 'ya'yan 'yan'uwa maza. Waraƙa Kirista ne, amma malaman Musulmi ne suka adana labarinsa, musamman Ibn Ishaƙ, wanda ya rasu wajen shekarar 767, da Imam Buhari, wanda ya rasu a 870. A littattafansu sun kira shi Banasare. A bakin Bahaushe kalmar Nasara ta koma nufin Turawa tun zamanin mulkin mallaka, amma asalinta suna ne na mabiya Annabi Isa, kowane irin launin fata gare su.

Makka ta zamaninsa gari ne a cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi, ba a noma a cikinsa. Da fatauci mutanenta suke ci. Ayari yakan tafi Yaman da hunturu, ya tafi Sham da bazara. Ɗakin Ka'aba kuwa cike yake da gumaka, babbansu shi ne Hubal, kuma kowace shekara ƙabilun Larabawa sukan zo ziyara da dabbobinsu da hajarsu. Saboda haka gumakan nan ba abin bauta ba ne kawai, su ne kasuwar garin. Wanda ya taɓa su ya taɓa tukunyar kowa.

Addinin Kirista ya kewaye Makka ta kusan kowace fuska, amma bai zauna a cikinta ba. A arewa akwai daular Rumawa da Larabawan Sham da ke ƙarƙashinta. A ƙetaren Bahar Maliya akwai Habasha. A kudu akwai Najran, inda sarki Zu Nuwas ya hallaka Kiristoci masu yawa a shekarar 523 don sun ƙi barin addininsu. Daga baya Abraha, Bahabashen da ya mulki Yaman, ya gina babbar majami'a a San'a, sa'an nan ya taso da runduna da giwa don ya rushe Ka'aba, a shekarar da ake kira Shekarar Giwa, wajen 570. A cikin Makka kanta Kiristocin da ake gani galibinsu bayi ne, ko masu sana'ar hannu, ko fatake masu wucewa. To, a idon Baƙuraishe wannan addini na baƙi ne da bayi, kuma na mutumin da ya zo rushe ɗakin kakanninsa. Sai an tuna da haka kafin a gane nauyin abin da Waraƙa ya ɗaukar wa kansa.

Ibn Ishaƙ ya ruwaito cewa wata rana Ƙuraishawa sun taru wajen bikin wani gunki, ana yanka, ana kewaya shi. Sai mutum huɗu suka ja jiki gefe, suka yi alkawarin rufa wa juna asiri. Su ne Waraƙa, da ɗan baffansa Usmanu ɗan Huwairis, da Ubaidullahi ɗan Jahshi, da Zaidu ɗan Amru. Suka yarda a tsakaninsu cewa mutanensu sun saki hanyar kakansu Annabi Ibrahim, sun koma kewaya dutsen da ba ya ji, ba ya gani, ba ya amfanar kowa, ba ya cutar da kowa. Suka shawarta kowa ya tashi ya nemi addinin gaskiya. Irin waɗannan mutane su ake kira Hunafa'u, wato waɗanda suka kauce wa gumaka suka fuskanci Allah ɗaya.

Daga nan hanyoyinsu suka rabu. Wasu riwayoyi sun ce Waraƙa da Zaidu tare suka tafi ƙasar Sham, suna tambayar malaman Yahudu da 'yan zuhudun Kirista. Waraƙa ya sami abin da ya kwanta masa a rai, ya shiga addinin Kirista, ya duƙufa a kan karatun littattafai har ya ƙware. Zaidu bai gamsu ba, ya komo gida ba Bayahude ba, ba Banasare ba. Ya daina cin mushe da jini da abin da aka yanka wa gunki, yana hana mutane binne 'ya'yansu mata da rai, yana aibata gumaka a bainar jama'a. Baffansa Haɗɗabi, mahaifin Sayyidina Umaru, ya kore shi zuwa duwatsun bayan gari, wajen dutsen Hira, ya sa samari su hana shi shigowa. A ƙarshe Zaidu ya sake fita nema, ya kai Mausil, ya ratsa Sham, a kan hanyarsa ta komowa aka kashe shi a ƙasar ƙabilar Lahmu, wajen shekarar 605. Da labari ya iso Makka, Waraƙa ya yi masa marsiyya, yana yabonsa da cewa ya shiryu, ya rabu da gumaka. Abin lura ne, wanda ya yabe ɗin nan bai bi shi zuwa addininsa ba.

Usmanu shi ma ya zama Kirista, amma ta wata ƙofar. Ya tafi fadar Sarkin Rumawa, ya sami girma a can, har ya yi kwaɗayin a naɗa shi sarkin Makka. Ƙuraishawa suka ƙi, domin ba su saba da sarki a kansu ba, balle wanda baƙo ya naɗa. Ya ƙare rayuwarsa a Sham, an ce guba aka ba shi. Ubaidullahi kuwa ya zauna cikin kokwanto har zuwan Musulunci. Ta haka ya zamana daga cikin huɗun nan Waraƙa kaɗai ne Kirista a cikin Makka. Ɗaya abokin nasa an kashe shi a daji, ɗaya ya sayar da nemansa da neman sarauta ya mutu a baƙon wuri. Ɗan'uwa rabin jiki ne, in ji Bahaushe, ga shi kuwa Waraƙa ya rasa na jini da na tafiya.

Ba shi da majami'ar da zai je, ba shi da limamin da zai yi masa jagora, ba shi da jama'ar da zai yi addu'a a cikinta. Abin da yake da shi littafi ne da alƙalami. Buhari ya ruwaito cewa yakan rubuta abin da Allah ya nufa daga Linjila. A wata riwaya an ce da Ibrananci yake rubutawa, a wata kuma an ce da Larabci. Wasu masana na ganin abin da aka kira Ibrananci a nan harshen Suryani ne, wanda Kiristocin Sham da Iraƙi suke ibada da shi. Ko wanne ne, aikin ba ƙarami ba ne a garin da masu iya rubutu kaɗan ne. Tsofaffin kwafe-kwafen Linjila na Larabci masu ɗauke da shekarar rubutunsu na ƙarni na 9 ne, kuma da yawa daga cikinsu a gidan zuhudu na dutsen Sina'i aka adana su. Wato Waraƙa ya riga su da shekara fiye da 200, yana zaune shi kaɗai yana kwafa.

Bai bar gari ba, bai kuma yi faɗa da kowa ba. Ba a ruwaito an kore shi kamar yadda aka kori Zaidu ba. Ya ci gaba da zama cikin danginsa, ana girmama shi, ana kawo masa abin da ya ɗaure wa mutane kai. Sunansa ya fito a labarin ƙuruciyar Annabi: lokacin da Halima mai shayarwa ta komo da yaron Makka, sai ya ɓace mata a bakin gari, Waraƙa da wani Baƙuraishe suka tsince shi suka kai shi ga kakansa Abdulmuɗɗalibi. Wajen shekarar 595 kuma, da bawan Hadiza, Maisara, ya komo daga fataucin Sham ya ba ta labarin abubuwan mamaki da ya gani a tare da Muhammadu, wurin Waraƙa ta tafi. Ya gaya mata cewa ya daɗe da sanin akwai annabin da ake jira a cikin wannan al'umma, kuma lokacinsa ya yi kusa. Ibn Ishaƙ ya ce jiran ya yi masa tsawo, har ya yi waƙa yana kukan jinkirin.

Ana nan tsufa ya zo, ido ya tafi.

Makanta masifa ce ga kowa, amma ga Waraƙa ta fi ta kowa zafi. Manomi in ya makance 'ya'yansa sa yi masa noma. Shi kuwa malaman nasaba sun ce bai bar zuriya ba. Littafin nan shi ne majami'arsa, shi ne malaminsa, shi ne abokin hirarsa bayan mutuwar abokai, ga shi yanzu yana iya riƙe shi a hannu amma ba ya iya ganin baƙi ko ɗaya. A garin da ake auna mutum da yawan 'ya'ya maza da raƙuma da ƙarfin takobi, tsoho makaho marar ɗa, mai addinin baƙi, ba ya cikin lissafi. Wani da ya kai nan sai ya ce nemansa ya tashi a banza, ya koma ga gumakan iyayensa ko don ya sami na zaman hira. Waraƙa bai koma ba. Abin da ya shekara yana kwafa ya riga ya bar takarda ya shiga zuciya, kuma abin da ya faru bayan haka ya nuna karatun nasa bai tafi tare da idon ba.

A shekarar 610, cikin watan Ramalan, Annabi Muhammadu ya sauko daga kogon Hira jikinsa yana rawa, ya shiga wurin Hadiza ya nemi a lulluɓe shi. Ya gaya mata abin da ya gani da abin da ya ji, ya ce yana jin tsoro ga kansa. Hadiza ta kwantar masa da hankali, sa'an nan ta kai shi wurin tsohon. Ta kira Waraƙa da ɗan baffa, ta roƙe shi ya saurari ɗan ɗan'uwansa. Ba ladabi kawai ba ne ya sa ta faɗi haka: in an bi salsala zuwa Ƙusayyu, Waraƙa da Abdullahi mahaifin Annabi tsara ɗaya suke. Shi ma da ɗan ɗan'uwa ya kira shi, ya tambaye shi abin da ya gani.

Da ya gama ji, sai ya ce wannan shi ne Namusu da aka saukar wa Annabi Musa. Malaman Musulunci sun fassara kalmar da Mala'ika Jibrilu, ma'ajin asiri. Masana harsuna kuma sun danganta ta da kalmar Girkanci mai nufin shari'a, wadda Kiristoci ke kiran Attaura da ita. Amma bai tsaya ga albishir ba. Ya yi fatan da ma yana da ƙuruciya, da ma yana raye ranar da mutanen garin za su fitar da shi. Annabi ya yi mamaki, ya tambaya ko da gaske za su fitar da shi, shi da suke kira Amintacce. Waraƙa ya tabbatar masa, ya ce ba a taɓa yin wanda ya zo da irin wannan saƙo ba a yi gaba da shi ba. Ya ƙara da alkawarin cewa in ya kai ranar zai taimake shi da iyakar ƙarfinsa.

Wannan magana ba ta mai duba ba ce. Ta mutumin da ya karanta labarin annabawa ce, ya san yadda Fir'auna ya yi da Musa, ya san abin da Linjila ta faɗa game da annabi da mutanen garinsu, ya kuma ga abin da aka yi wa Zaidu da idonsa tun yana da ido. Bai ɓoye wa mai firgita gaskiya don ya lallashe shi ba, bai kuma bar shi da tsoronsa ba. Kuma akwai abin tausayi a cikin alkawarin: makahon da ya kusa kabari ne yake miƙa ƙarfin da ba shi da shi. Ibn Ishaƙ ya ce sun sake haɗuwa wajen ɗawafi a Ka'aba, tsohon ya jawo kan Annabi ya sumbace shi.

Akwai riwayar da ta ce Waraƙa ya wuce Bilal Bahabashe ana azabtar da shi a cikin zafin rana, yana ta maimaita cewa Allah ɗaya ne, sai tsohon ya tsaya ya gaskata shi, ya kuma gargaɗi ubangidansa Umayya ɗan Halaf. Malamai da yawa sun yi shakkar wannan, domin azabtar da Bilal ta zo ne bayan an fara kira a fili, alhali Buhari ya ce Waraƙa bai daɗe ba bayan ganawar nan ya rasu, wahayi kuma ya yanke na wani lokaci.

Bayan rasuwarsa aka yi ta tambaya a kan matsayinsa. Tirmizi ya kawo riwayar da ta ce Hadiza ta tuna wa Annabi cewa Waraƙa ya gaskata shi amma ya mutu kafin al'amarin ya bayyana, Annabi kuwa ya ce ya gan shi a mafarki sanye da fararen tufafi. Wasu malamai sun lissafa shi cikin sahabbai, Ibn Hajar, wanda ya rasu a 1449, ya tattauna batun a littafinsa na tarihin sahabbai. Wasu kuma sun ce a kan addinin Annabi Isa ya cika, kafin a umarci kowa da shiga Musulunci. Marubutan Kirista su ma sun yi rubutu a kansa, suna kallonsa a matsayin shaidar cewa Linjila ta kai tsakiyar ƙasar Larabawa tun ƙarni na 6.

Abin da ya faɗa ya auku bayan shekara 12. A 622 Annabi ya fita daga Makka a ɓoye, shi da Abubakar, suka nufi Madina. A lokacin Hadiza ta shekara 3 da rasuwa. Nana A'isha ce ta ruwaito labarin ganawar nan, Buhari kuma ya sa shi a babin farko na littafinsa. Shi ya sa ɗalibin da ya durƙusa gaban malaminsa a zaure, a Kano ko Zariya ko Maraɗi, ya buɗe Buhari, a hadisi na 3 yake cin karo da sunan Waraƙa ɗan Naufal.