Taslim Olawale Elias (1914–1991): Masanin da Ya Ɗaga Darajar Dokar Gargajiya

An haifi Taslim Olawale Elias a Legas ranar 11 ga Nuwamba, 1914. Ko da yake Musulmi ne, ya yi karatu a makarantun mishan, ciki har da Kwalejin Igbobi. Daga nan ya yi shekaru yana aikin lissafi a hukumar jirgin ƙasa, wadda layinta ya raya garin Kafanchan. Yana wannan aiki yana karatu, har ya tafi Ingila a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya zama lauya a 1947, ya kuma sami digirin digirgir a Jami'ar Landan a 1949.

A wancan zamani, Turawa da yawa suna ganin al'adun Afirka ba doka ba ne. A littafinsa na 1956, The Nature of African Customary Law, Elias ya nuna cewa hukuncin dattawa kan gona, aure da gado yana da ƙa'idoji, kuma ikon sarki kansa yana da iyaka.

A 1960 ya zama Antoni Janar kuma Ministan Shari'a na farko na Nijeriya mai 'yanci, yana ba gwamnatin Tafawa Ɓalewa shawara. Ya taimaka wajen tsara kundin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1963, ya kuma shugabanci tsangayar shari'a ta Jami'ar Legas. A 1972 Janar Gowon ya naɗa shi Alƙalin Alƙalai.

A 1975 gwamnatin Janar Murtala ta sauke shi daga wannan kujera. Mutumin da ya koyar cewa doka tana sama da mai mulki, sai ga shi umarnin soja ya kawar da shi. Amma a 1976 ya hau kujerar Kotun Duniya a birnin Hague, a 1982 kuma ya zama ɗan Afirka na farko da ya shugabance ta. Ya rasu a Legas ranar 14 ga Agusta, 1991.

Shekara goma bayan rasuwarsa, a 2001, Jihar Kaduna ta kafa kotunan gargajiya. Manomin da ya kai ƙarar gonar gado a ƙasar Bajju, Atyap ko Kagoro, aka saurare shi bisa al'adar iyayensa, yana cin moriyar abin da Elias ya ƙare ransa yana karewa.