Tarihin John Stuart Mill, Masanin Da Ya Yi Karatu A Wurin Abokan Hamayyarsa

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in ba ku tarihin wani masani mutumin Ingila mai suna John Stuart Mill, wanda ya rasu tun shekarar 1873. Dalilin da ya sa na zaɓe shi kuwa, wani hali ne nasa mai wuyar samu a wurin masu siyasa, na da da na yanzu. Mutum ne mai ra'ayi mai ƙarfi, ba ya kuwa ɓoye shi, amma ya ɗora wa kansa ka'idar cewa kafin ya soki maganar abokin hamayya, sai ya gane ta kamar yadda mai ita ya gane ta. Ba da wannan hali aka haife shi ba. Sai da ya sha wuya kafin ya koye shi.

Haihuwarsa da karatunsa

An haife shi a birnin Landan ran 20 ga watan Mayu, 1806. Ubansa, James Mill, mutumin Sikotilan ne, ɗan mai ɗinkin takalma, wanda ilmi ya ɗaukaka shi har ya zama sanannen marubuci. John shi ne ɗan fari cikin 'ya'yansa 9. Uban bai sa shi makaranta ba, shi da kansa ya koyar da shi a gida. Yana da shekara 3 aka fara koya masa Girkanci, yana da shekara 8 aka ƙara masa da harshen Latin, ga lissafi, ga tarihi. Da ya kai shekara 13 har ya shiga ilmin tattalin arziki. In sun fita yawo da safe, sai yaron ya riƙa ba da bayanin abin da ya karanta jiya, uban yana yi masa tambayoyi. Shi ne kuma malamin ƙannensa. Wasa da tsara kuwa, bai same shi ba.

Uban nan yana da manufa. Shi da amininsa Jeremy Bentham su ne jagororin wata ƙungiya ta masu neman sauyi. Ra'ayinsu shi ne a auna kowace doka da kowace al'ada da ma'auni guda, watau yawan jin daɗin da take kawo wa mafi yawan jama'a. Wadda ba ta ci wannan jarrabawa ba, a kawar da ita kome daɗewarta. Suna so a ba mutane da yawa ikon jefa ƙuri'a, a rage ƙarfin manyan masu filaye. Abokan hamayyarsu su ne masu ra'ayin riƙau, waɗanda ke ganin abin da aka gada kaka da kakanni ba a taɓa shi da gaggawa. An yi renon John ne don ya gaji wannan yaƙi. A 1823, yana da shekara 17, ya kama aikin akawu a kamfanin Ingilishi da ke mulkin Indiya, inda ubansa ke aiki, ya kuwa yi shekara 35 a can.

Zauren muhawara

A 1825 shi da abokansa suka yi wajen wata 3 suna muhawara da mabiya Robert Owen, masu son jama'a su haɗa dukiya su yi tarayya a cikinta. Bayan wannan suka kafa ƙungiyar muhawara a Landan, ana taruwa bayan kowane mako 2. A lokacin saurayi ne mai kaifin baki, yana ganin gaskiya duk tana ɓangarensu.

Ana nan, a 1826, yana da shekara 20, sai wani baƙin ciki ya rufe shi. Ya tambayi kansa, in da a ce duk sauye-sauyen da yake fafutuka a kansu za su tabbata yau, zai yi farin ciki? Zuciyarsa ta ce masa a'a. Ya yi watanni yana zuwa aiki kamar inji, kome ya fita ransa. Daga baya ya gane cewa an wasa masa ƙwaƙwalwa an bar zuciya da tsatsa. Cikin abubuwan da suka taimaka masa ya farfaɗo har da waƙoƙin William Wordsworth, wanda a lokacin ya koma cikin masu ra'ayin riƙau. Ashe maganin ciwonsa yana gidan da aka koya masa ya raina.

Daga nan ya fara kasa kunne. A zauren muhawararsu akwai wasu samari biyu, Frederick Maurice da John Sterling, almajiran wani masani mai suna Samuel Coleridge, wanda ra'ayinsa ya yi hannun riga da na Bentham. Da su ya riƙa kafsawa a gaban jama'a, amma kuma ya riƙa neman su bayan an tashi. Sterling ya zama ɗaya daga cikin manyan aminansa har mutuwa ta raba su a 1844. Ya kuma yi abota da Thomas Carlyle, marubucin da ba ya ganin girman mulkin ƙuri'a. A 1835 Carlyle ya ba shi aron rubutun hannu na littafinsa a kan juyin juya halin Faransa, sai aka ƙone shi bisa kuskure yana hannunsa. Mill ya tafi da ƙafarsa ya faɗa masa, ya kuma roƙe shi ya karɓi fam 200. Carlyle ya karɓi 100, ya zauna ya sake rubutawa.

A 1838 ya rubuta maƙala a kan Bentham, a 1840 ya rubuta wata a kan Coleridge. A ta farko ya yabi malamin gidansu, ya kuma nuna inda ganinsa ya gaza. A ta biyu ya bayyana ra'ayin ɓangaren hamayya da adalci ƙwarai. Ya nuna cewa in aka kawo tsohuwar al'ada, Bentham yakan bincika ko gaskiya ce, shi kuwa Coleridge yakan bincika ma'anarta, da bukatar da take biya wa mutane har suka riƙe ta shekaru aru-aru. Mill ya ce mai son gyara yana bukatar binciken nan duka biyu, domin wanda ya rushe katanga bai san abin da take tarewa ba, yana iya wayar gari ya ga ruwa a ɗaka. Waɗansu tsofaffin abokan tafiyarsa ba su ji daɗin haka ba.

Littafinsa a kan 'yanci

A 1851 ya auri Harriet Taylor, wadda ya ce da ita suka yi tunanin mafi yawan abin da ya rubuta. Ta rasu a 1858 a garin Avignon na ƙasar Faransa. A shekarar da ta biyo, 1859, ya fitar da ɗan littafin da suka shirya tare a kan 'yanci, wanda har yau ake karantawa a jami'o'in duniya.

A cikinsa ya kawo dalilan da suka sa bai kamata a toshe bakin mai wani ra'ayi ba. Na farko, mai yiwuwa shi ne mai gaskiya, mu ne muka ɓata, tun da babu ɗan Adam da ya fi ƙarfin kuskure. Na biyu, sau da yawa a harkar siyasa gaskiya a rabe take, kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki nata, ba ta haɗuwa sai an gwama su. Na uku shi ne ya fi kama hankalina. Ko da mu ne masu gaskiya ɗungum, in ba a taɓa ƙalubalantarmu ba, za mu riƙe ta ne kamar haddar da ba a san fassararta ba, ran da wani mai iya baki ya tare mu sai mu rasa ta cewa.

Ya ƙara da wani abin da ya shafe mu mu ɗalibai. Ya ce bai isa ɗalibi ya ji ra'ayin abokan hamayya daga bakin malaminsa ba, domin malami yakan kawo shi ne a raunane, da amsarsa a rataye. Sai ya ji shi daga bakin waɗanda suka gaskata shi da zuciya ɗaya, suka kuma iya kare shi. Ya ba da misali da Cicero, shahararren lauyan Rum ta da, wanda yakan yi nazarin hujjar abokin shari'arsa kamar yadda yake nazarin tasa, ko ma fiye.

Amma ya sa iyaka. Ya ce mutum yana da damar rubutawa a jarida cewa 'yan kasuwar hatsi su ne ke jefa talaka cikin yunwa. In kuwa ya je ya faɗi haka ga taron fusatattu da suka yi cincirindo a ƙofar gidan ɗan kasuwar, to, ya cancanci hukunci, domin maganarsa ta zama tunzura jama'a.

A majalisa

A 1865 mutanen Westminster suka nemi ya tsaya takarar majalisar dokoki. Ya yarda, bisa sharaɗin ba zai kashe ko kwabo ba wajen neman ƙuri'a. A wani taron ma'aikata aka ɗaga wata magana da ya taɓa rubutawa, cewa ma'aikatan Ingila sukan yi ƙarya, ko da yake suna jin kunyarta. Aka tambaye shi ko shi ya rubuta. Ya amsa cewa shi ne, bai yi kwana-kwana ba. Sai wurin ya kaure da tafi, domin sun ga mutumin da ba zai yaudare su ba. Ya kuwa ci zaɓen.

Kada wani ya zaci sauraron abokin hamayya ya mai da shi marar matsayi. A 1867 ya kawo shawara a majalisa a ba mata ikon jefa ƙuri'a. Mutum 73 suka goyi baya, 196 suka ƙi, bai kuwa janye ra'ayinsa ba. Haka kuma bayan tarzomar da aka yi a tsibirin Jamaika a 1865, inda Gwamna Edward Eyre ya sa aka kashe mutane fiye da 400, aka yi wa ɗaruruwa bulala, aka ƙone gidaje wajen 1,000, Mill ne ya shugabanci kwamitin da ya nemi a gurfanar da gwamnan gaban shari'a. Tsohon abokinsa Carlyle yana cikin masu kare gwamnan. Ba a hukunta Eyre ba, Mill kuma ya sha zagi da wasiƙun barazana, ya faɗi zaɓen 1868.

A wannan tsakani ne ɗaliban Jami'ar St Andrews ta Sikotilan suka zaɓe shi shugabansu na girmamawa. A jawabin da ya yi musu a 1867 ya nuna cewa aikin malami a fannin siyasa da ɗabi'a shi ne ya shimfiɗa wa ɗalibai manyan ra'ayoyi da hujjar kowanne, ya ba su kayan aikin da za su yi hukunci da kansu. Ya rasu a Avignon cikin watan Mayu, 1873, aka binne shi kusa da matarsa.

Inda na saɓa da shi

Akwai wurin da ban yarda da shi ba ko kaɗan. A cikin littafin nan nasa ya ce 'yancin da yake magana bai shafi al'ummomin da ya ɗauka ba su waye ba, har ya halatta a mulke su da ƙarfi in don a ciyar da su gaba ne. Da kamfanin da yake wa aiki zai rasa mulkin Indiya a 1858, shi ya rubuta takardar kare shi. Irin wannan hujja ce Turawa suka riƙe sa'ad da suka ci Kano da Sakkwato a 1903, shekara 30 bayan rasuwarsa. A nan ya karya ka'idarsa da kansa, domin ya yanke hukunci a kan miliyoyin mutanen Indiya alhali bai taɓa taka ƙasarsu ba. Duk da haka na karanta shi, na gane abin da ya kai shi ga wannan ra'ayi, sa'an nan na ƙi shi da hujja. Da na jefar da littafin saboda wannan shafi, da na yi asarar sauran.

Abin da ya rage gare mu

Kakanninmu suna ba da labarin zamanin NEPU da NPC, yadda siyasa ta raba wa da ƙane, ta hana maƙwabta gaisawa. Mu ma nan gaba kaɗan za mu riƙe katin zaɓe, kuma a ajinmu akwai 'ya'yan kowace jam'iyya. Saboda haka ina roƙon malamanmu masu kula da ƙungiyar muhawara su gwada wata dabara. Kafin ɗalibi ya soki abokin karawarsa, a sa shi ya maimaita hujjar abokin da bakinsa, har sai abokin ya yarda cewa lalle abin da yake nufi ke nan. Wani lokaci kuma a ba mutum ɓangaren da ba ya so ya kare. Zai sha wuya, amma zai fito ya san abin da ke damun wancan, ya kuma san inda tasa hujjar take yoyo.

Ku kuma iyayenmu, in muka tambaye ku dalilin da ya sa maƙwabcinmu yake bin wata jam'iyya dabam, muna roƙo ku faɗa mana dalilinsa na gaskiya, irin wanda shi da kansa zai faɗa in an tambaye shi, sa'an nan ku faɗa mana naku. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu kunnen sauraro, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.