Sydney Smith

Sydney Alfred Smith (4 Agusta 1883 – 8 Mayu 1969) likita ne masanin binciken gawa, haifaffen Roxburgh a ƙasar New Zealand. Ya yi karatun likitanci a Jami'ar Edinburgh da ke Scotland.

Gawarwakin Hopetoun

A watan Yunin 1913 aka tsamo gawarwakin yara biyu, ɗaure da juna, daga wani kududdufi da ya cika tsohon ramin fasa dutse na Hopetoun. Sun ruɓe har ba a gane fuskokinsu, amma sanyin ruwan ya daskarar da kitsen jikinsu ya zama kamar sabulu, wanda hakan ya adana kayan cikinsu. Smith, yana aiki ƙarƙashin Farfesa Harvey Littlejohn, ya duba haƙora da ƙasusuwa ya gano maza ne ƙanana, kuma sun fi shekara ɗaya da rabi a ruwa. Ragowar kayan miyar da ya samu a cikinsu ta nuna sun mutu jim kaɗan bayan cin abinci. Da wannan aka gano su waye, aka kama mahaifinsu, Patrick Higgins, aka rataye shi a Oktoban 1913.

Masar da bayanta

A 1917 ya koma Alƙahira yana ba gwamnatin Masar shawara kan shari'o'in kisa. Binciken harsasai da ya yi ya taimaka wajen hukunta waɗanda suka harbe Lee Stack, gwamnan Sudan, a 1924. Ya zama farfesa a Edinburgh daga 1928 zuwa 1953, kuma a can ya rasu.