Alfred Russel Wallace da Malam-Buɗe-Littafin Tsibirin Bacan

An haifi Alfred Russel Wallace ranar 8 ga Janairu, 1823, a kusa da garin Usk na ƙasar Wales. Talaucin gidansu ya raba shi da makaranta yana ɗan shekara 14, ya koma koyon aikin safiyo a hannun wansa William. A Leicester ya haɗu da Henry Walter Bates, wanda ya cusa masa sha'awar tara ƙwari, kuma a 1848 suka nufi dajin Amazon tare. Da yake komawa gida a 1852, jirgin ruwan da ya ɗauko shi ya kama da wuta a tsakiyar teku, akasarin abin da ya tara ya salwanta. Bayan shekara 2 ya sake fita, wannan karo zuwa tsibiran da a yau suke cikin Malesiya da Indunusiya.

Wallace ba ɗan masu hali ba ne kamar Charles Darwin. Abincinsa yana cikin akwatunan ƙwari da tsuntsayen da yake aika wa dillalinsa Samuel Stevens a Landan ya sayar. Saboda haka tambayar ko halitta sabon jinsi ce, ko kuwa reshe ce ta jinsin da aka riga aka sani, ta shafi aljihunsa kamar yadda ta shafi iliminsa. Wannan tambaya ce ta kai shi ga maƙalar da ya aika wa Darwin daga Ternate a 1858, wadda aka karanta tare da rubutun Darwin a ƙungiyar Linnean ranar 1 ga Yuli.

A watan Oktoba na shekarar ya sauka a tsibirin Bacan. A fitarsa ta farko cikin kurmi ya hango wata ƙatuwar macen malam-buɗe-littafi, mai duhun launi da ɗigon fari da rawaya, a inda hannu ba ya kaiwa. Ya gane daga dangin Ornithoptera take, wato masu fiffike irin na tsuntsu. Sai dai matan wannan dangi suna kama da juna ƙwarai. Namiji ne ke raba gardama. Wata 2 yana nema, sai a farkon Janairun 1859 ya tarar da wani tsiro mai suna Mussaenda, mai fure rawaya da fararen ganye kewaye da shi, wanda ƙwaron ke zuwa sha. Ya yi dako a gindinsa, ya kama mace, washegari ya kama namiji. Ya rubuta daga baya cewa murna ta kusa sumar da shi, ya kuma wuni da ciwon kai.

Faɗin fikafikan namijin ya haura inci 7, baƙi ne mai laushin karammiski, da ratsin ruwan lemo mai ƙyalli. A jinsin priamus da Linnaeus ya raɗa wa suna tun 1758, wannan gurbi kore ne. Wallace ya yanke cewa jinsi ne mai zaman kansa, ya kira shi Ornithoptera croesus, da sunan sarkin Lidiya da Turawa ke buga misali da dukiyarsa kamar yadda Bahaushe ke yi da Ƙaruna. Bai tsaya ga guda ɗaya ba: ya bar Bacan da fiye da 100, maza da mata, ko da yake mazan da ba su da tabo ko kaɗan ba su wuce 5 ko 6 ba. Da yawansu wani ma'aikacinsa ɗan ƙasa ne ya kamo a bakin rafi, kamar yadda yaronsa Ali, Bamalaye daga Sarawak, ya harbo tsuntsun da aka sa wa suna Semioptera wallacii a wannan tsibiri. Wallace ya ambaci aikinsu a littafinsa, amma sunan kimiyya bai tanadi gurbin mai kamu ba.

Launi kaɗai hujja ce mai rauni, kuma shi kansa ya nuna haka a maƙalarsa ta 1865 kan wannan rukunin ƙwari na yankin Malay. Ya bayyana cewa matan Papilio memnon suna zuwa da siffa fiye da ɗaya, wasu da jela a fiffike wasu babu, alhali jinsinsu guda. Ya jera matakai daga bambancin ɗaiɗaiku zuwa reshen da ya keɓanta da tsibiri guda, har zuwa cikakken jinsi, ya kuma nuna cewa iyakar da ke tsakaninsu ba ta da kaifi.

Ya koma Ingila a 1862 da samfura 125,660, ya wallafa The Malay Archipelago a 1869. Kuɗin da ya samu ya narke a hannun jarin da bai yi albarka ba, har sai da Darwin ya sa baki gwamnati ta yanka masa fansho na fam 200 a shekara a 1881. Ya rasu a Broadstone ranar 7 ga Nuwamba, 1913, yana da shekara 90.