Samuel Record: mutumin da ke gane bishiya daga guntun katako

Da zarar an sare bishiya, an kankare ɓawo, an yanka ta falle-falle, wa zai ce ga sunanta? Ganye ya tafi, fure ya tafi. A kan wannan matsala Samuel James Record ya ƙare rayuwarsa.

An haife shi a 1881 a jihar Indiyana ta Amurka. Ya karanci ilimin gandun daji a Jami'ar Yale, ya yi aiki da hukumar gandun dajin ƙasarsa, sannan ya koma Yale yana koyarwa a 1910.

Aikin nasa ga shi kamar mai sauƙi: a shafe bakin katako da wuƙa mai kaifi, a ɗora gilashin ƙara girma. Za a ga ƙananan ramuka, wato bakin bututun da ke ɗauko ruwa daga saiwa zuwa ganye. Girmansu, yawansu, ko suna zaune ɗaiɗai ko a jere, da abin da ya toshe cikinsu, su ne suke tona asirin itace. Amma fa 'yan dangi ɗaya kan yi kama sosai, nan ne aikin ke wahala. Ɗauki maɗacinmu da mahogani na yankin Amurka: danginsu ɗaya, ramukansu kusan iri ɗaya, dukansu da baƙin ƙaro a ciki. Sai an duba wasu siraran layuka masu kama da igiyar ruwa, waɗanda na Amurka yakan nuna, dangin maɗaci kuwa galibi ba su da su.

Irin wannan kwatance ba ya yiwuwa sai da samfuri a hannu, shi ya sa Record ya duƙufa wajen tarawa. Kafin ya mutu a 1945, ɗakin ajiyarsa ya haura guntaye 40,000. Ya kafa mujallar Tropical Woods a 1925, yana kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana ƙirar katako ta duniya a 1931. A shekarar ce ma shi da G. Proctor Cooper suka fitar da littafi kan dazuzzukan Laberiya. Gaskiya dai ƙarfinsa ya fi karkata ga itatuwan Latin Amurka; namu na Afirka gefe-gefe ya taɓa su.

Duk da haka aikin ya shafe mu. Tun 2017 madobiya, wadda aka yi ta kwasa daga arewacin Gana da maƙwabta zuwa Sin, ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu, maɗaci ma ya bi sahu daga baya. Mai fasa-ƙwauri kan rubuta wani suna a takarda, jami'in kwastan kuwa katako kawai yake gani. Idan aka kai guntun ɗakin bincike, da samfurori irin na Record ake gwada shi. Nasa tarin yanzu yana birnin Madison, a jihar Wiskonsin.