Hidetsugu Yagi, mutumin da sunansa ke bisa rufin gidajenmu

Duk wanda ya taɓa saida kayan lantarki a babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram ya san antan ɗin nan ta tele mai kama da ƙashin kifi, wadda ake ɗaurewa bisa doguwar sanda, yaro ya hau rufi yana juya ta har hoto ya fito. Ko da parabol ya yi yawa, har yanzu ba ta ɓace ba. To, tana da suna, kuma sunan wani malami ne ɗan ƙasar Japon, Hidetsugu Yagi.

An haifi Yagi a birnin Osaka a 1886. Ya ƙare karatun injiniyan lantarki a jami'ar Tokyo a 1909. A 1913 aka aika shi Jamus ƙarin ilimi, sai yaƙin duniya na farko ya tashe shi daga can. Ya wuce Ingila, daga nan Amurka, kafin ya koma gida ya ci gaba da koyarwa a jami'ar Tohoku da ke garin Sendai.

A Sendai ne, a 1926, antan ɗin ta fito. Mu ma'aikatan rediyo kullum muna tare da irin waɗannan ƙarafa, amma har gobe sauƙin wannan yana ba mu mamaki. Ƙarfe guda kaɗai ke haɗe da waya. A bayansa akwai wani da ya ɗan fi shi tsawo, aikinsa maido da saƙon iska gaba. A gabansa kuma an jera gajeru, su ke tattara saƙon wuri guda, kamar yadda tocila ke tattara haske. Shi ya sa sai an fuskantar da ita wajen tasha kafin ta kama.

Sai dai akwai magana a nan. Mafi yawan gwaje-gwajen, wani mataimakinsa ne ya yi su, Shintaro Uda. Amma da aka je rajistar mallakar abin, sunan Yagi kaɗai aka sa. Kuma Yagi ne ya yi bayaninsa da Ingilishi a 1928, duniya ta karanta, alhali yawancin rubutun Uda da harshen Japon yake. Wanda ya taɓa zama yaron shago ya san irin wannan rabo: kai ka sha rana, a yaba wa maigida.

Hausawa sun ce bokan gida ba ya ci. Manyan sojan Japon ba su ɗauki wannan antan da muhimmanci ba. Ingila da Amurka da Jamus kuwa suka rungume ta, suka sa ta cikin rada, wato na'urar da ke harba saƙon iska sama, in ya bugi jirgi ya dawo a san inda jirgin yake. A watan Fabrairu na 1942 sojan Japon suka ƙwace Singapur daga hannun Ingila. Cikin ganimar akwai littafin wani sojan Ingila mai aikin rada, kalmar Yagi tana ta maimaituwa a ciki. An ruwaito cewa hafsoshin Japon ba su gane ta ba, sai da suka tambayi fursunan, shi ya shaida musu sunan ɗan ƙasarsu ne. Shekara 16 ke nan kayan yana cikin gidansu. Daga nan suka shiga gaggawar amfani da shi, amma abokan gaba sun riga sun yi nisa.

Abin da ya fi ciwo yana gaba. Bam ɗin nukiliya da Amurka ta jefa wa Hiroshima ran 6 ga Agusta 1945 yana ɗauke da ƴan ƙananan antan irin ta Yagi a jikinsa. Su ke taimaka wa na'urar da ke auna tazarar bam ɗin da ƙasa, don ya fashe a sama, wajen mita 600, inda ɓarnar za ta fi faɗi. Ba mu ɗora wa Yagi alhakin wannan ba, don ba shi ya ƙera bam ba. Amma hannunsa ma bai fita daga yaƙin ba: a 1944 gwamnati ta naɗa shi shugaban hukumar fasaha ta ƙasa, mai tattara masana domin aikin yaƙi. Saboda haka, da aka ba shi shugabancin jami'ar Osaka a 1946, mahukuntan Amurka da ke riƙe da Japon ba su bar shi ya daɗe bisa kujerar ba.

Zuwan tele ne ya sake tada shi. A 1952 ya kafa kamfanin ƙera antan mai sunansa, a 1953 aka zaɓe shi ɗan majalisar dattawa, a 1956 ya samu babbar lambar girmamawa ta al'adu ta Japon. Ya rasu a watan Janairu na 1976, saura kwana kaɗan ya cika shekara 90. Uda ma cikin wannan shekara ya rasu, a watan Agusta. Injiniyoyi da yawa yanzu suna haɗa sunayen biyu, suna kiran ta Yagi-Uda.